Ruwa Biyu

Saura rabin kan Malamin Lissafi a aske wayar ta yi ƙara. Mai Aski ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, injin aski na ta kuka a hannunsa. Can sai ya kashe injin.

"Ranki ya daɗe, yau? Yau ɗin nan da muke ciki?"

Manajar wani gidan cin abinci ce mai ɗan lambu a baya, kujeru arba'in da 'yan kai. Wata uku ke nan da ya kai mata lambarsa, ta karɓa ko ɗago kai ba ta yi ba. To yau ga ta da kanta, wai mai fiyanon da ke yi musu kiɗa duk yammacin Asabar ya tattara komatsansa ya bar gari, tana neman wanda zai maye gurbinsa. Ta ce ya zo ƙarfe huɗu daidai, za ta ba shi minti goma ta ji hannunsa. Huɗu da kwata akwai waɗansu su biyu da za su zo gwaji su ma. Wanda ya yi mata, Asabar ta zama tasa.

"Amma fa da kayanka za ka zo," in ji ta. "Wancan da sifikunsa ya tafi. Kana da amfilifaya ai?"

"Haba, ranki ya daɗe! Amfilifaya kuma? Ni?" Ya ƙyalƙyale da dariya kamar an tambaye shi ko yana da hanci. "Sai dai kin gan ni ƙarfe huɗu."

Ƙarya ce tsagwaronta. Ba shi da amfilifaya, akwatin nan da ke ƙara wa jita murya, bai taɓa yi ba. Shekara goma sha ɗaya yana kaɗa jita a lungun bayan shago, wajen da ake shanya tawul, ya jona ta da wata tsohuwar rediyo da ya ɓalle wa baya. Abin da ke fitowa daga rediyon nan, ƙuda a gwangwani ya fi shi murya. Akwai dai wani gwangwanin madara a ƙarƙashin madubi da yake jefa wa canji don wannan rana, amma lissafinsa sai ƙarshen shekara.

Ya ajiye wayar, ya kama kujerar aski ya juya ta da Malamin Lissafi a kai, sau biyu.

"An kira ni, Malam! Wallahi an kira ni!"

"Na ji, Allah ya sa alheri," in ji Malam, yana riƙe da hannun kujera da kyau. "Gama min kaina tukuna. Da wannan rabin zan shiga aji?"

Cikin minti biyu aka gama. Malam ya fita yana shafa ƙeya yana ƙorafin hagu ta fi dama gashi, Mai Aski kuwa tuni ya juye gwangwanin cikin aljihu, ya saɓa jita, ya ja ƙofa. Ƙarfe ɗaya da rabi.

A kan benci, jikin bangon shagon, mahaifinsa Baba na zaune inda yake zama kullum. Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo kafin ido ya ce ya isa. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka wadda duk duniya ba mai taɓa sitiyarinta sai shi. Kuma shi ne ya raɗa wa ɗansa sunan da unguwa ta kusa ɗauka: Ruwa Biyu. Wai bai zama cikakken mai aski ba, bai zama makaɗi ba, yana nan tsakatsaki yana ɓata wa mutane kai da kunne. Sunan nan yana yi wa Mai Aski ciwo, dariya kawai yake yi idan an faɗa.

Ya durƙusa gaban bencin ya kwashe labari duka a numfashi ɗaya.

"To?" in ji Baba.

"Baba, ka taimaka ka kai ni kasuwa. Daga can kuma lambun. Idan na bi bas ba zan kai ba."

Baba ya daɗe yana kallon jitar. "Ni direba ne yau, iyakata ke nan. Ba zan shiga kanti ba, ba zan shiga wajen kiɗa ba. Kada a ce min zo ka gani."

"Ba wanda zai ce."

Suka shiga. Baba ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta tashi, sai ya naɗe hannuwa a ƙirji ya jingina. Haka yake yi tun Mai Aski na yaro, ko asibiti za a je.

"Baba, lokaci fa."

"Sai ta yi zafi."

"Rana ce fa tsaka, Baba! Ƙwai ma zai dahu a kan motar nan."

"Zafin rana daban, zafin inji daban. Ka ga abin da ke damunka ke nan, Ruwa Biyu. Komai naka taɓa ka saki."

Mai Aski ya kira matarsa a kantin maganin da take aiki. Ihun da ta yi sai da Baba ya juyo. Ta ce ya cire rigar aski kafin ya shiga wajen mutane, ya kuma cire matajin da ke bayan kunnensa, ta san yana nan. Ya ce to, ya ce wallahi, ya ce sai ya kira, bai cire ko ɗaya ba. Sai da allurar zafi ta motsa sannan Baba ya sa giya.

Kantin kayan kiɗan na can layin masu lantarki, tsakanin mai fankoki da mai batura. Baba ya faka a gefe, ya zare makulli, ya ɗora hula a fuska. Mai Aski ya faɗa ciki har yana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Mai Kanti wani ƙaton mutum ne mai sanƙo da gemu, yana zaune yana jin labarai daga wayarsa da ya jona da wani ɗan baƙin akwati a gefen tebur. Ya saurari bayani yana sakace.

"Kujeru nawa ka ce?"

"Arba'in."

"Ganga fa? Akwai mai ganga?"

"Ni kaɗai ne, maigida, ni da ita."

"To zauna. Bari in fara nuna maka wadda ba za ka saya ba, don ka san abin da ake kira murya."

Ya ja wata gandamemiyar amfilifaya daga bango, da ƙyar, yana nishi. Ya kunna ta, ya tafi neman igiya a bayan kanti, ya ɗan jima, ya dawo ya jona jitar. Mai Aski ya zaro ɓallin tsohon mataji da ya goge yake kiɗa da shi, ya shafi tsirkiyoyin sau ɗaya.

Wayyo Allah! Ashe haka jitarsa take? Shekara goma sha ɗaya suna tare bai taɓa jin muryarta ba. Sautin ya fito da kauri da ɗumi, ya cika kantin, har farantan ganga da ke rataye suka amsa. Sai da idonsa ya kawo ruwa.

"Wannan kwalba ce zalla," in ji Mai Kanti. "Irin 'yan kwalaben gilashin nan na rediyon da, masu wuta a ciki. Guda shida gare ta. Juya takardar da ke maƙale a hannunta."

Mai Aski ya juya, ya ga kuɗin, ya mayar da takardar yadda take a hankali. Ko shagon ya sayar da kujera da madubi, sai an yi masa ciko. Ya dai gwada ɗaga ta don kada a ce bai gwada ba, bayansa ya ce ƙas.

"Ka gani? Wannan sai mai mota da ƙatti biyu. Ga kuma wadda aljihunka zai so."

Ita wannan ƙarama ce, ja, mai sheƙi, ba nauyi ko kaɗan. Taransista zalla, in ji Mai Kanti, ba kwalba ba fashewa, ka jefa ta a bas ka sauke. Da a ce ita aka fara nuna masa, da ya ɗauka yana godiya. Amma kunnensa ya riga ya lalace da daɗi. Ya kaɗa, sautin ya fito sirit, tsaf-tsaf, a bushe. Ba laifi, ta fi rediyon bayan shago nesa ba kusa ba. Sai dai murnar da ya shigo da ita ta fara sacewa.

"Babu wata a tsakani?"

Mai Kanti ya cire tsinken daga baki. Ya dubi ɗan baƙin akwatin da ke karanta masa labarai tun safe, ya yi ɗan tsaki irin na wanda za a raba da abokin hira, ya zare wayarsa daga jiki.

"Akwai wannan. Ruwa biyu ce."

"Me ka ce?"

"Ruwa biyu. Gaba kwalba, baya taransista. Kwalba ɗaya tak a ciki, ita ke dafa muryar, taransista kuma ta ɗauki dakon ƙarfi. Ƙarfinta wat talatin, ya ishi kujeru arba'in har da ragowa. Masu kwalba zalla suna raina ta, masu taransista suna cewa iyayi gare ta. Ni dai kunnena bai taɓa kawo min ƙararta ba. Me ya faru kake dariya?"

Ai Mai Aski ya kasa magana. Dariya yake yi har da dukan cinya, yana nuna akwatin yana nuna ƙirjinsa. Da ƙyar ya jona igiyar. Jar fitilarta na nan a kunne, yana taɓa tsirkiya ta amsa nan take.

Ba ta kai gandamemiyar ba, kada a yi ƙarya. Amma ɗumin nan yana nan, kaurin nan yana nan daidai ɗaki. Idan ya shafa a hankali ta yi masa raɗa, idan ya danna ta ɗan yi gurnani mai daɗi. Ya ɗauko wani kiɗa nasa na kansa da ya ƙirƙira a wajen shanyar tawul, ya bi shi. Mai batura ya leƙo. Wata mata ɗauke da bokitai biyu ta tsaya a bakin ƙofa ta manta inda za ta. Ya miƙe da jitar, ya taka, ya juya, igiya ta naɗe masa ƙafa ya warware bai daina ba.

Ya ɗaga ta da hannu ɗaya. Ba ta fi jarkar ruwa ƙarama nauyi ba.

"Ita ce! Wallahi 'yar'uwata ce!"

Ya zazzage aljihu a kan tebur. Abin da ke ciki ya kusa kaiwa, kaɗan ya rage.

"Maigida, ka bar min haka, in haɗa maka da aski kyauta har shekara."

Mai Kanti ya shafa sanƙonsa tun daga goshi har ƙeya. "Dube ni da kyau, bawan Allah."

"Gemu nake nufi! Gemun nan yana neman mai kula da shi."

Mai Kanti ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce ya ɗauka, igiyar ma kyauta. Ya kashe ta, ya sa ta a kwali, ya manne da salatif. "Takardar bayani ga ta nan, ka karanta fa."

"Zan karanta!"

Fifita ya yi da ita a mota, don zufa.

"Baba, ka san sunanta?" Ya rungume kwalin a cinya, bakinsa har kunne. "Ruwa biyu! Wallahi haka mai kantin ya ce!"

"To, kun haɗu."

"Ka san a cikinta akwai..."

"Kada ka cika ni da surutu ina tuƙi."

Aka sake jiran inji ya yi zafi, duk da ko awa biyu bai yi da mutuwa ba. Aka shiga cunkoso a shataletale, wata babbar mota ta lalace a tsakiya. Mai Aski na kallon agogo yana buga kwalin da yatsu, wani lokacin ya yi dariya shi kaɗai. Saura minti biyar huɗu ta cika suka isa. Baba ya faka ƙarƙashin wata bishiya jikin shingen lambun, ya sauke gilashi, ya mayar da hula fuska.

Lambun ɗan ƙarami ne, tebura goma da lema-lema, da wani ɗan dandamali na katako a kusurwa. Mutane ba su fi shida ba, ma'aikata na jera kofuna. Manaja mace ce siririya mai tabarau, da agogo a hannu wanda take yawan dubawa. Ta dubi rigar askin, ta dubi matajin da ke bayan kunnensa.

"Ga soket nan. Huɗu ta yi."

Ya farke kwalin da haƙori, ya ɗora akwatin a kan dandamali, ya jona wuta, ya jona jita. Ya yi wa mutanen shida murmushi. Ya danna maɓalli, jar fitila ta kama. Ya ɗaga hannu sama don a gani, ya sauke shi kan tsirkiyoyi.

Shiru. Sai ɗan ƙyas-ƙyas na ƙarfe da ko teburin farko bai ji ba.

Ya yi maza ya kashe. Igiya ce ba ta shiga ba, ya ce a ransa. Ya zare, ya hura, ya goge da rigar aski, ya mayar. Ya kunna, ya kaɗa. Shiru. Ya kashe.

"Lafiya?" in ji Manaja.

"Lafiya lau, ranki ya daɗe! Soket ɗin ne, ina jin."

Wata ma'aikaciya ta zo ta jona cajar wayarta a soket ɗin, waya ta kama caji a gaban kowa. Duk da haka ya ja kayansa zuwa wancan soket na jikin ginshiƙi. Ya murɗa duk abin da ke murɗuwa har ƙarshe, ya dawo da su. Ya juya igiyar, kan can ya dawo nan. Ya kunna, ya kaɗa, ya kasa kunne daƙiƙa biyu, ya kashe da sauri kada wani abu ya ƙone a ciki. Zufa ta keto masa har tana ɗiga kan jitar.

Ya tsaya yana kallon akwatin. An cuce shi ke nan? Mutumin nan mai gemu da dariya, ya sayar masa da mushe? Amma ai da kunnensa ya ji ta, matar bokitai ma shaida ce. Gwangwanin madara ya tafi, Asabar za ta tafi, ga matarsa can na jiran waya. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne komawa cikin motar nan ya zauna kusa da Baba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Kamar abin bai isa ba, sai ga mutum biyun nan sun iso da wuri, riga iri ɗaya, suna turo sifiku biyu manya a kan amalanke. Suka tsaya suna kallonsa cikin tausayi, wanda ya fi dariya ciwo.

"Saura minti uku," in ji Manaja. "Ka yi haƙuri, ni da agogo nake aiki."

Sai aka ji murya daga ƙofar shinge.

"Minti bakwai ina jira a dame ni da hayaniya, ban ji komai ba. Me ake ciki?"

Baba ne, hula a karkace, makulli a hannu. Ya gaida Manaja da kai, ya wuce kai tsaye bayan akwatin, don mai gyara ba ya fara duba abu ta gaba. Ya dafa gwiwa ya tsuguna, ya zaro tabarau daga aljihu, ya kara ido a ragar ƙarfen da ke baya. Ya daɗe a haka.

"Kai," ya ce, muryarsa ta sauya. "Kwalba ce a ciki?"

"Ita nake son gaya maka a mota, Baba."

"Kunna."

Ya kunna. Ya kaɗa. Shiru. Hannunsa ya tafi wajen maɓalli da kansa, sai ji ya yi tas, Baba ya make shi a bayan hannu, a gaban Manaja da ma'aikata da masu riga iri ɗaya, mutum mai 'ya'ya biyu.

"Cire hannunka! Sau nawa ka kashe ta?"

"Biyar. Ko shida."

"Inna lillahi! A kanti da ka gwada ta, a kunne ka same ta?"

"Tun safe yake jin labarai da ita."

"To da zafinta ka same ta, sakarai. Kwalba ce, ba fitilar hannu ba. Sai ta yi zafi take magana. Kai kuma tana fara ɗumi ka kashe, tana fara ɗumi ka kashe." Ya ɗago ya dubi Manaja. "'Yata, ara mana numfashi ashirin. Zo ma ki gani, ba kullum ake gani ba."

Manaja ta dubi agogo. Sai kuma, ga mamakin kowa, ta tattare zaninta ta zagayo ta sunkuya. Mai caja ta biyo ta. Masu riga iri ɗaya ma suka matso suna leƙe ta saman kafaɗa. Mutum shida a bayan ɗan akwati, ba mai tari.

Can cikin duhun ragar, a tsakiyar wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba, wani ɗigo ya fara ja. Ya ƙaru kaɗan-kaɗan, ya koma ruwan lemo, kamar garwashin da aka hura.

"Ga ta nan," in ji Baba a hankali. "Shekara ashirin da biyar rabona da wutar nan. Na ɗauka sun daina yi."

Sifikar ta saki wani siririn numfashi.

"Yanzu taɓa."

Mai Aski ya taɓa tsirkiya ɗaya. Ta amsa. Sautin ya tashi da ɗuminsa ya ratsa tebura goma ya je ya taɓa shinge. Mai caja ta yi tafi ba ta sani ba. Dariya ta kuɓuce masa, ta hawaye-hawaye, ya kama kiɗan nan nasa na wajen tawul tun daga farko. Minti biyu suka rage masa, don haka ya yi tsalle daga farkon ya dira ƙarshen, ya bar tsakiyar. Wani dattijo ya tsaya da cokali a iska. Mai dafa abinci ya leƙo ta taga da ludayi. Mataji ya faɗo daga bayan kunnensa ya yi tsalle a kan katako, bai ma sani ba. Minti biyun suka cika, suka wuce, Manaja ba ta dubi agogo ba sai da ya tsaya da kansa.

"Hm," ta ce. "Zauna can, in ji waɗannan."

Masu riga iri ɗaya sun iya, ba a ƙwace musu ba. Sai dai kayansu na filin ƙwallo ne. Bugun farko kofuna suka hau rawa a kan tebura, wani jariri ya tsala ihu, dattijon nan ya nemi a kawo masa lissafinsa. Suka rage, suka sake ragewa, har sifikun suka koma gunaguni. Manaja ta yi musu godiya da kyau, ta raka su ƙofa, ta dawo.

"Asabar, huɗu zuwa shida. Wannan 'yar akwatin ta yi min, mutum na ci yana jin na kusa da shi. Amma ka zo da wata rigar."

Mai Aski ya yi godiya har ya rasa bakin yi, ya gode wa Manaja, ya gode wa mai caja, ya gode wa mai ludayi. A bakin shinge ya kira matarsa, suka yi ta ihu su biyu ba mai jin wani. Da ya juyo ɗaukar kayansa, sai ya tarar Baba ya riga ya kashe akwatin, ya tsaya a kansa ya hana kowa taɓawa, wai sai ta huce ake motsa ta. Da ta huce, shi ya ɗauka da kansa, a ƙirji, bai yarda da kwalin ba.

A wajen mota Mai Aski ya kama ƙofar gaba.

"Koma baya," in ji Baba. "Bayan motar nan girgiza gare shi, kwalba ba ta son girgiza."

Ya zaunar da ita a kujerar gaba, ya ja bel ya ɗaure ta. Mai Aski ya shige baya da jitarsa, gwiwoyi a haɓa, yana ta danne dariya. Baba ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta tashi, ya naɗe hannuwa. Wannan karon ba wanda ya ce masa lokaci.

"Asabar ƙarfe uku za mu fito," in ji Baba, yana kallon allurar zafi.

"Za mu, Baba?"

"Kai za a bar wa kwalba? Ka kashe ta a wata ɗaya. Ba don kiɗanka zan zo ba, kada ka sa a ranka."

"To, Baba."

Injin na ta ɗumi. Baba ya gyara madubi, ya share ƙura daga saman akwatin da gefen hannu.

"Kuma ka tsallake tsakiya."

"Na'am?"

"Kiɗan nan. Ka yi farko ka yi ƙarshe, ka bar wajen da ya fi daɗi." Sai ya rufe baki ya bi shi da hanci, a hankali, tsakiyar nan duka da Mai Aski bai kaɗa ba a lambun, har da ɗan wajen da take hawa ta sauko, bai kuskure ko ɗaya ba.

Mai Aski ya daina dariya. Kafin yau, wannan kiɗan bai taɓa fita daga lungun tawul ba.

"Baba, yaushe ka..."

"Bencina a jikin bangon nan yake shekara goma sha ɗaya. Ido na rasa, ba kunne ba."

Allurar ta motsa tuni, ta ma wuce inda take tsayawa. Baba bai sa giya ba sai da ya kai ƙarshen kiɗan.